Zulmira da Irin Amarya

Idan ka shigo Machiro ta bakin kogin Buzi ka hango mace a kan rufin ɗakin wani, ƙusoshi cike da bakinta amma hakan bai hana ta yi wa na ƙasa faɗa ba, kada ka wahalar da kanka da tambaya, Zulmira Muchanga ce. Ni sunana Deolinda, ina suyar kifi a bakin kasuwa, shinge ɗaya ya raba gidana da nata. Ita ta riƙe ɗana na fari ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kumadre. Na faɗi wannan ne don a san ina da hurumin yin maganarta, har da wadda ba za ta so ji ba.

Mijinta Horacio kafinta ne. Shekara da shekaru tana riƙe masa tsani tana gaya masa inda ya yi kuskure, shi kuma bawan Allah yana haƙuri, har ta iya aikin ba tare da kowa ya koya mata ba. Da ya rasu ta rataye gudumarsa a bango, ta koma noman shinkafarta da sayar da kwakwa. A cikin gari ta yi aure, daga gidan ubanta zuwa na mijinta ko ruwan kofi ba zai huce ba ka isa. Wannan kusancin ya ja mata asara guda. A Machiro idan yarinya za ta yi aure a wani gari, uwarta kan zuba mata irin shinkafarmu mai gemu a cikin gora, ta gauraya da toka, ta ɗora mata a ka, a raka ta da guɗa. Wannan shi muke kira irin amarya. Wadda ta yi aure a cikin gari ba a ba ta, tunda ba inda za ta. Yayarta Rufina ta samu nata lokacin da aka kai ta Gwenje, can saman kogi. Zulmira ba ta samu ba, kuma duk sanda zancen ya taso sai ta taɓe baki ta ce, "Me zan yi da gora? Ni da rumbu guda nake da shi." Ni dai na san abin yana ci mata rai.

Ba zan tsaya ba da labarin babbar guguwa ba, kowa a nan yana da nasa kuma ya gaji da faɗa. Iska ta kwashe rufi, teku ya hau kan kogi, kogi ya hau kanmu. Wanda ya tsira, a kan itacen mangwaro ya tsira, ko a kan rufin coci. Da ruwa ya janye babu rumbu ko ɗaya a tsaye. Masu taimako sun zo da jirage da buhuna da tantuna, Allah ya saka musu, sun yi abin da za su iya. Bayan wasu watanni suka naɗe kayansu, don akwai wasu masu kuka a wani wuri. Kafin su tafi aka kafa kwamitin 'yan sa kai na gari, aka raba mana riguna masu ruwan lemo marasa hannu. Ranar da aka ɗauki hoto mun cika filin makaranta. Da aka fahimci babu albashi a ciki, sai rigunan suka fara komawa tsumman goge keke.

Ta Zulmira ba ta koma ba. Ta sauko da gudumar Horacio, ta tara waya da ƙusoshin da ta tsinto daga kango tana miƙe su ɗaya bayan ɗaya a kan dutse. Ba ta yarda a ɗora kwano a buga ƙusa a sauko kawai ba. Sai ta ɗaure kowace azara da waya ta jawo har gindin bango, ta lanƙwasa kan kowace ƙusa daga ciki. Ba ta karɓar kuɗi, ko metikal ɗaya. Tuwon masara kawai za ka ba ta, shi ma tana ci tana kushe miyar. Mu 'yan tsirarun da muka rage a kwamiti muka bi bayanta, muka yashe rijiyoyi, muka tayar da ajujuwan makaranta, muka rufa wa tsofaffi da zawarawa ɗakuna. Ni aikina miƙa kaya da ƙorafi.

"Kumadre, bayana zai karye," nakan ce mata.

"Bayan da ke ɗaukar wannan jikin naki kwano ɗaya ba zai karya shi ba. Miƙo!"

Da wata guguwar ta biyo baya, ƙarama a kan ta farko amma ba ta wasa ba, duk rufin da Zulmira ta ɗaure yana nan inda ta bar shi. Washegari ta zagaya gari hannu a ƙugu tana duba su. Tafiyar da take yi kaɗai ta ishe ka bayani.

Matsalar da guduma ba ta iya mata ba ita ce ta gona. Ruwan teku ya kwana a fadamarmu ya bar gishiri. Irin da aka raba mana iri ne mai kyau, a tudu ya yi albarka, amma a fadamar Machiro sai ya tsiro ya yi kore, ya fara rawaya, ya kwanta. Damina ta zo ta wuce haka, wata ma ta zo ta wuce haka. Tsofaffi suka ce mai gemu ce kaɗai ta saba da wannan ƙasa, doguwa ce, ruwa ba ya shanye kanta, gishiri ba ya kashe ta, gemunta kuma yana hana tsuntsu sakewa. To amma mai gemu ta tafi da rumbuna.

Sai mutane suka fara tafiya birnin Beira. Yau gida ɗaya, jibi wani. Wata safiya muna wucewa muka tarar da kwaɗo a ƙofar wani ɗaki da muka gama yi wa rufi bai daɗe ba, wayar ko tsatsa ba ta fara ba. Zulmira ta tsaya ta daɗe tana kallon kwaɗon. Ban taɓa ganin jikinta ya yi sanyi irin na ranar ba.

"Kumadre, ni ban ɗaure rufi don ɓeraye su ji daɗi ba," ta ce. "In damina mai zuwa ta faɗi, garin nan ya watse."

Daga ranar ta shiga neman mai gemu. Ta bi 'ya'yan Machiro da suka yi aure a ƙauyukan kusa, ashe su ma ruwa ya cinye nasu. Waɗanda ke birni kuwa tuni suka manta yadda ake riƙe fartanya. Saura mutum ɗaya, kuma duk mun san ko wace ce, ita ma ta sani, tana ta kewaye-kewaye ne kawai. Rufina duk shekara tana shuka irin aurenta a wani ɗan kwari bayan gidanta a Gwenje, inda ruwan bai kai ba.

Abin da ya sa take kewaye-kewaye shi ne, irin amarya ba a roƙonsa kuma ba a sayensa. Daga uwa yake zuwa hannun 'ya. In dangin mace suka je gidan mijinta suka ce a ba su irin, ma'anarsa a ba su 'yarsu, zumuncin aure ya ƙare ke nan. Na tuna mata wannan, ta ce ai ba a matsayin dangi za ta je ba, a matsayin kwamiti za ta. Ta wanke rigarta mai ruwan lemo, wadda a lokacin ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, ta ce in shirya in raka ta.

Muka hau kwale-kwale, muka hau motar haya, sauran muka ƙarasa a ƙafa ina tsine wa duwatsun hanya. Mijin Rufina, Alberto, ya rasu da daɗewa, don haka babban gidan yanzu shi ne wansa, Sekuru Jofrisse, wani dogon tsoho mai son dariya. Akwai wasa tsakaninsa da Zulmira tun tana budurwa. Yana hango mu ya fara tafa hannu.

"A'a! Ƙaramar matarmu ce da rigar masu gyaran titi? Ko dai kin yanke shawarar tarewa ne?"

"Sekuru, in zan tare ai sai a gidan da rufinsa ba ya rawa. Dubi wannan, ko akuya ta yi atishawa sai ya tashi."

Rufina ta fito daga madafa, ƙarama ce a jiki, ba ta da yawan magana, ko kama da ƙanwarta ba ta yi. Suka rungumi juna. Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, aka gaisa, aka tambayi na raye, aka yi ta'aziyyar waɗanda ruwa ya ci. Can aka kawo abinci, shinkafa da miyar ganyen rogo da kwakwa. Tun kafin a buɗe kwanon ƙamshin ya gaya mana mai gemu ce. Rabonmu da ita tun kafin guguwa. Zulmira ta kai loma ɗaya baki, hawaye suka zubo mata. Ranar ce kaɗai na ga ta ci abincin wani ba ta kushe ba.

Da aka kwashe kwanuka ta gyara rigarta ta fara jawabi. Ta ce kwamitin 'yan sa kai na Machiro ne ya turo ta, ta kawo zancen gishiri, ta kawo na ɗakunan da ake kullewa, ta ce gora ɗaya ta iri kawai ake bukata. Sekuru Jofrisse ya saurare ta har ta gama. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Zulmira, ko riga goma kika saka, ke ƙanwar Rufina ce. Kin san abin da kike tambaya. Ni ba rowa nake yi ba, ɗauki masara, ɗauki akuya, ɗauki buhun shinkafa sussukakkiya ki kai wa mutanenki. Amma iri in ya fita gidan nan da mai shi yake fita, kuma ba ta dawowa. Ko ranar da ta mutu ba za a kwantar da ita kusa da Alberto ba. Matar nan ita ce uwar gidan nan, ita ta yanke cibiyar rabin yaran da kike gani. Haka kawai zan ce ta tafi?"

"Sekuru, teku ya shigo har cikin coci bai nemi izinin al'ada ba."

"Shi teku ba surukina ba ne."

Zulmira ta juya wajen yayarta, wadda take kira Mana kamar yadda muke kiran yaya mace a nan. "Mana, ke ba za ki ce komai ba?"

Rufina tana tsince ƙwayoyin shinkafar da suka zube a tabarma, ba ta ɗago ba. "Me zan ce? Tun da guguwar nan ta wuce kin hau rufin kowa a Machiro, ba ki taɓa takowa ki ga ko ina raye ba. Yau kin zo, kuma wajen shinkafa kika zo. Ke tun kina ƙarama ba ki iya neman mutum ba, aiki kawai kika iya nema."

Maganar ta shige ta. Ta miƙe ta yi wa Sekuru sallama.

Da muka fito za mu tafi, hanya ta bi da mu ta gefen rumbun Rufina, ga zangarniyar mai gemu a rataye, ko hannu ba sai ka miƙa sosai ba. Na matsa kusa na raɗa mata, "Kumadre, zanina yana da faɗi."

Ta harare ni. "Ni da na ɗaure rufin coci zan zama ɓarauniyar shinkafa? Wuce mu tafi." Ta yi 'yan taku, sai ta tsaya ta juya ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji. "Mana! Ba zan sake tambayar iri ba. Ɗakin Mama zan tayar. In an gama yana nan, ko ki zo ko kada ki zo."

Rufina ta naɗe tabarma ta shige madafa.

Filin gidan ubansu tun bayan guguwa babu komai a kai sai ciyawa da kututturen kwakwa. Muna dawowa Zulmira ta fara sharewa. Ta buga bulo da hannunta, ta nemo azara, ta kwance kwanon rumfar bayan gidanta ta kawo. Inda ɗakin uwarsu yake a da, nan ta ja layi, ƙofar na kallon kogi kamar yadda take. Mutane suka samu abin magana. Masu ɗakuna suna kullewa suna tafiya, ita kuma tana gina wa wadda ba ta ce za ta zo ba. Wani mai faci da ke bakin kasuwa har yana tambayata ko kumadrena ta fara taɓuwa ne. Na ce masa ranar da iska ta zo ya je ya kwana a ƙarƙashin rufin mai hankali.

Ni kaina ban yarda za ta zo ba. Mace ta bar jikokinta, ta bar kwarin da ta noma tun tana amarya, ta bar kabarin mijinta, ta dawo garin gishiri? Na faɗa wa Zulmira haka muna kan aiki.

"Za ta zo," ta ce, ƙusa a baki.

"Wa ya gaya miki?"

"Yayata ce. Fushi take yi, kuma tana da gaskiya. Miƙo waya."

Ba ta aika saƙo ko ɗaya Gwenje ba. Amma duk direban da ke bin hanyar sai ta tsayar da shi ta ba shi ruwan kwakwa, ta zagaya da shi ɗakin ya gani da idonsa. Ta dasa ganyen shayin da uwarsu ke so a bakin ƙofa. Ta gama ɗakin, ta share, ta ja ƙofar ba ta sa kwaɗo ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, aka yi ruwan farko, mutane suka fara gyaran fadama ba tare da wani ƙarfin gwiwa ba. Wasu gidaje biyu suka ce in an kai ƙarshen wata ba labari su ma Beira za su.

Ranar wata kasuwa da hantsi ina juya kifi a mai, sai na ji hayaniya ta bakin kogi. Na leƙa. Kwale-kwale ne ya tsaya, Sekuru Jofrisse ya fara sauka da sandarsa, ya miƙa hannu ya taimaki Rufina. Tana sanye da sabon zani, ƙullin kayanta a hannun tsohon, a kanta kuwa gora ce babba, baki toshe da totuwar masara. Na bar kifin ya ƙone.

Aka aika aka kira Zulmira daga kan wani rufin. Ta zo da gudu, mace mai jikoki, guduma a hannu ta manta ba ta ajiye ba. Da ta iso gabansu sai ta tsaya cak. Mun san yadda ake raka amarya da iri, amma ba wanda ya taɓa ganin yadda ake tarbar wadda ta dawo da shi, don haka duk muka yi cirko-cirko.

Sekuru Jofrisse ne ya fara magana. "Ga 'yarku nan. Ba mu kore ta ba, ita ta ce a kawo ta. Ta je kabarin Alberto ta yi sallama da shi da kanta. In na ji ta yi tari ba a ba ta magani ba, zan zo in kwance rufin garin nan ɗaya bayan ɗaya."

"Ba za ka iya ba, Sekuru, ni na ɗaure su," in ji Zulmira, tana kuka tana dariya.

Sai ta cire rigar kwamiti, wadda ko coci da ita take zuwa, ta shimfiɗa a ƙasa a gaban yayarta. Rufina ta sauke gorar a kan rigar. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka.

Rufina ba ta yarda an taɓa gorar ba sai da ta ga ɗakin. Ta shiga, ta ɗaga kai ta dubi azara, ta taɓa bango, ta fito.

"Tagar Mama ta fi wannan faɗi," ta ce.

"Taga mai faɗi iska take gayyata, Mana."

"Na ji. Kawo min kujera."

Ta zauna a bakin ƙofa da gorar a tsakanin ƙafafunta. Maza suka matso da kwanoni da hula, ta ɗaga musu hannu. Ta ce iri daga uwa yake zuwa hannun 'ya, ba za ta karya wannan ba don ta tsufa. Tunda ita ce babba a gidan yanzu, ta zauna a mazaunin uwa, kowace mace a Machiro 'yarta ce yau, mai so ta zo ta durƙusa kamar amarya. Ka ga abin dariya da ban tausayi. Tsofaffi marasa haƙori suna rufe fuska da zani suna yanga, ana yi musu guɗa, kowace ta karɓi cikin tafi ɗaya ta ƙulle a bakin zani. Ni ma na durƙusa, da ƙyar aka tashe ni. Ba wanda zai ci ƙwaya ɗaya a bana, duk za a mayar iri, an yi wannan alkawari a wurin. Matan gidajen nan biyu masu shirin tafiya Beira su ma suna cikin layi.

Zulmira tana gefe tana tsara layi tana tsawata wa masu turereniya, kamar ba da ita ake yi ba. Da layin ya ƙare Rufina ta girgiza gorar, akwai saura a gindi.

"Ke mai guduma. Zo nan."

"Ni ai a cikin gari na yi aure, Mana. Ba a ba irinmu."

"Na sani. Ina kallonki ranar da Mama ta ɗora min gorar nan, kina bayan rumbu kina cizon zani. Durƙusa."

Zulmira ta ajiye gudumar. Ta durƙusa a gaban yayarta, ta sunkuyar da kai. Rufina ba ta zuba mata a tafi ba. Ta mayar da totuwar ta toshe bakin gorar, ta ɗaga ta da hannu biyu ta ɗora wa ƙanwarta a ka.

Mai gemu ta kama a daminar nan, ta kuma kama a ta bayanta, an buɗe wasu daga cikin ɗakunan da aka kulle. Zulmira har yau tana kan rufin mutane tana kushe miyarsu. Gorar kuwa tana rataye a bangon ɗakinta, a ƙusar da gudumar Horacio take a da, kuma ko ni kumadrenta ba ta yarda in taɓa ta ba.